Yadda Ake Kai Magana Gaban Kwamitin Majalisa a Zaman Jin Ra'ayin Jama'a

Mutane da yawa sun ɗauka zaman jin ra'ayin jama'a da kwamitocin majalisa ke kira na ministoci ne da lauyoyi da manyan ƙungiyoyin Abuja. Ba haka ba ne. Ƙungiyar manoma, kwamitin ci gaban unguwa, iyayen yara da malamai, direbobin tasha, kowa na iya kai magana, kuma ana saurare idan an san hanya. Na daɗe ina taya irin waɗannan ƙungiyoyi shiri, a majalisar tarayya da ta jiha, kuma abin da nake fara faɗa wa kowa shi ne: maganar da za ka yi da baki 'yan mintuna ce, takardar da ka bari a hannun kwamiti ita ke zama bayan kowa ya watse. Saboda haka yawancin wannan bayani a kan takarda yake, da kuma bibiya.

Abubuwan da za ka tanada

- Sanarwar zaman kanta. Ana buga ta a jaridu, ana kuma sa ta a shafukan majalisa na intanet. Ka yanke ta ko ka ɗauki hotonta, domin a ciki ne ake faɗin rana, da ɗakin taro, da ranar rufe karɓar takardu, da yawan kwafin da ake so.
- Kwafin ƙudurin dokar da za a tattauna, ko kuma ƙudurin zauren da ya umarci kwamiti ya yi bincike.
- Kundin tsarin mulki na 1999, ko da na cikin waya ne.
- Shaidu: hotuna masu kwanan wata, rasit, wasiƙun da kuka taɓa aikawa, shafin kasafin kuɗi da ya shafi maganarku.
- Takarda mai tambarin ƙungiyarku, da katin shaida na duk wanda zai je.
- Filashi ko adireshin imel na tura kwafin kwamfuta.
- Littafin rubutu da biro, da kuɗin mota da na masauki daga aljihunku. Kwamiti ba ya biya wa mai kawo ra'ayi kuɗin hanya.

Idan ba ku da takarda mai tambari, farar takarda ta isa, muddin akwai suna da adireshi da lambar waya da sa hannun shugabanni. Idan ƙungiyarku ba ta da rajista, ku rubuta a matsayin mazauna wuri kaza, kowa ya sa hannu. Ɗan ƙasa ba ya bukatar rajista kafin ya yi wa majalisarsa magana.

1. Ka san ikon da kwamitin yake da shi

Ba sai ka zama lauya ba, sashe huɗu kawai za ka riƙe. Sashe na 88 na kundin tsarin mulki ya ba Majalisar Dattawa da ta Wakilai ikon binciken duk wata ma'aikata ko hukuma ko mutumin da aka ɗora wa aiwatar da dokokin da majalisa ta yi ko kashe kuɗin da ta ware. Ya kuma faɗi dalili: domin yin doka ko gyara ta, da domin tona cin hanci, rashin iya aiki ko almubazzaranci. Sashe na 89 ya ba ta damar karɓar shaida a rubuce ko da baki, da rantsar da mai shaida, da aika sammaci, har da ba da umarnin a kamo wanda ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba. Majalisun jihohi suna da irin wannan iko a sashe na 128 da na 129.

Amfanin sanin wannan a gare ka shi ne ka gane iyaka. Kwamiti ba kotu ba ne. Ba ya ɗaure kowa, ba ya yanke hukunci tsakanin masu rigimar gona ko gado. Idan maganarka tana gaban alƙali, dokar zaman majalisa ta hana a taɓa ta, kuma da zarar wani ya ambaci haka za a rufe zancen. Sannan ka tabbatar ƙofar da ka dosa ita ce daidai. Hanyar tarayya da jami'ar tarayya na Abuja ne, asibitin jiha da makarantar sakandaren jiha na majalisar jiharka ne. Nan mutane suka fi yin asarar kuɗin mota.

2. Ka gane wane irin zama ne

Akwai zaman da ake yi kan ƙudurin doka, bayan ya tsallake karatu na biyu an miƙa shi ga kwamiti. Wannan shi ne ya fi buɗe wa jama'a ƙofa. Akwai zaman bincike, inda ake kiran shugabannin hukuma su amsa tambayoyi, wani lokaci a ƙarƙashin kwamitin wucin gadi, kamar wanda Majalisar Wakilai ta kafa a 2012 kan kuɗin tallafin man fetur a lokacin zanga-zangar Janairun waccan shekara. Akwai zaman kare kasafin kuɗi, wanda kowace ma'aikata ke zuwa ta faɗi abin da ta kashe da abin da take nema. A nan ba kasafai ake ba jama'a bakin magana ba, amma kana iya shirya tambayoyi ka ba ɗan kwamiti ya yi su a madadinku, kuma sau da yawa hakan ya fi tasiri. Akwai kuma kwamitin asusun gwamnati, mai duba rahoton babban mai binciken kuɗi, wanda bisa al'ada ɗan adawa ke shugabanta.

Idan babu wani zama da aka kira kan matsalarku, hanyar ita ce koke. Za ku rubuta, ku sa hannu, ku ba sanatanku ko ɗan majalisar mazaɓarku ya gabatar a zaure, daga nan a miƙa wa kwamitin karɓar koke-koken jama'a, shi kuma ya gayyaci ɓangarorin biyu. Koke ba ya shiga zaure sai ta hannun ɗan majalisa. Idan naku ya ƙi, ko ya yi ta wasa da ku, ku nemi wani daga jiharku.

3. Ka nemi akawun kwamiti

Kowane kwamiti yana da akawu, ma'aikacin majalisa ne, ba ɗan siyasa ba. Shi ke karɓar takardu, shi ke tsara jerin masu magana, shi da ma'aikatansa ke haɗa daftarin rahoto. Sanatoci suna zuwa suna tafiya, akawu yana nan. Yawanci lambarsa tana ƙasan sanarwar. Ka kira shi da rana cikin ladabi, ka faɗi sunan ƙungiyarku, ka tambayi abu uku: ko ranar tana nan yadda aka sanar, ko za a tura maka kwafin ƙudurin na ƙarshe, da yadda za a sa sunanku cikin masu magana. Ka sake kira kwana ɗaya kafin ka kama hanya, domin ana ɗage zama ba tare da an sake bugawa a jarida ba.

Idan ba ka samu kwafin ƙudurin daga gare shi ba, ka duba shafin majalisa ko na ƙungiyar PLAC, wadda ke bibiyar ƙudurori tana ajiye kwafinsu. Kada ka dogara da abin da aka tura maka a WhatsApp. Wani lokaci tsohon daftari ne, lambobin sassan sun riga sun canza.

4. Ka tara shaida

A ce a garinku an sa kuɗin gina asibitin sha-ka-tafi a kasafin tarayya, an kafa tubali an gudu. Abu na farko, ka nemo layin aikin a cikin kasafin, wanda Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya ke wallafawa a shafinsa: sunan aikin, lambarsa, kuɗin da aka ware, da hukumar da aka danƙa wa. Na biyu, ka je wurin ka ɗauki hoto, har da allon ɗan kwangila idan yana nan. Na uku, ka rubuta wa hukumar a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ka nemi sanin wanda aka ba kwangilar da nawa aka biya shi. Dokar ta ba su kwana 7 su amsa, kuma ba sai ka faɗi dalilinka ba. Ka tabbatar an buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka. Ko sun yi shiru, wannan kwafi mai hatimi shaida ne, domin za ka iya gaya wa kwamiti cewa an tambaya an ƙi amsawa.

A nan ne nake da tsauri. Duk abin da ba ka gani da idonka ba, ko ba ka da takardarsa, kada ka sa shi. An ce wane ya sayi gida da kuɗin, an ce ɗan kwangilar surukin wane ne: ka bar waɗannan a majalisar shayi. Hukumar da kake ƙorafi a kanta za ta zo da lauya da fayil. Magana ɗaya marar tushe ta isa su kama su yi ta juyawa har a manta da tara ɗin da ka faɗa daidai. Kuma idan zaman bincike ne ana iya rantsar da kai, ƙarya bayan rantsuwa kuwa laifi ne.

5. Rubuta takardar matsaya

Wannan shi ne ainihin aikin. Shafi biyu zuwa huɗu sun isa, sauran shaidu su zo a maƙale a baya, kowace da lambarta. A sama ka rubuta zuwa ga shugaban kwamiti kaza ta hannun akawu, da cikakken sunan ƙudurin da lambarsa, da kwanan wata. Sai sakin layi ɗaya da ke faɗin ko ku su wane ne da yadda abin ya shafe ku. Sai matsayarku a jimla ɗaya tak: muna goyon baya, ko muna adawa, ko muna goyon baya da sharaɗin a gyara sashe kaza da kaza. Kada ka ɓoye wannan jimla a shafi na uku. Mai haɗa rahoto yana da tarin takardu a gabansa, abin da yake nema shi ne inda kowa ya tsaya.

Bayan haka ka bi sassan ɗaya bayan ɗaya. Hanyar da ta fi aiki ita ce jadawali mai gida uku: abin da sashen ya ce yanzu, illarsa, da kalmomin da kuke so a maye gurbinsa da su. Gida na ukun nan shi ne mutane ke tsallakewa, alhali shi ya fi kowanne daraja. Idan ka ce kawai a tausaya wa talaka, babu abin da akawu zai iya rubutawa. Idan kuwa ka ce a sashe kaza a canza kwana 14 zuwa kwana 60, domin manomin ƙauye ba zai iya haɗa takardu ya kai birni cikin mako biyu a tsakiyar damina ba, to ka ba shi abin da zai kwafa kai tsaye ya sa a rahoto.

Ka dubi abin da ya faru da ƙudurorin gyaran haraji. Gwamnonin Arewa sun nuna adawa a Oktoban 2024, kuma gardamar ta taru ne a kan sashe takamaimai, wato yadda za a raba harajin VAT, na sayen kaya, tsakanin jihohi, inda daftarin ya ba wa inda aka samo harajin kashi 60. An yi zaman jin ra'ayi a Fabrairun 2025, kuma a dokar da aka rattaba wa hannu a Yunin 2025 wannan kaso ya koma 30, harajin kansa ya tsaya a kashi 7.5. Ko me ra'ayinka kan dokar, abin lura shi ne an yi ciniki ne a kan lamba da sashe, ba a kan doguwar huɗuba ba.

Idan zaman bincike ne, maimakon jadawali sai ka jera abin da ya faru bisa kwanan wata, ka rufe da buƙatu a fili: kwamiti ya gayyaci hukumar da ɗan kwangilar, ya nemi takardun biyan kuɗi, ya zo ya ga wurin da idonsa. Buƙata uku da za a iya aiwatarwa sun fi goma sha biyar.

Maganar harshe. Sashe na 55 ya ce aikin majalisar tarayya da Turanci ake yi, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin hakan, sashe na 97 kuma ya ba majalisar jiha damar ƙara harshen jiharta. A aikace takardun kwamiti da Turanci suke tafiya. Shawarata, ku fara rubutawa da Hausa, a karanta wa membobi su amince, sannan malami ko lauya na gida ya mayar da ita Turanci, a sake karanto muku ma'anarta. Ku miƙa duka biyun. Ta haka wanda zai yi magana ya san abin da ke cikin takardarsa ciki da bai, ba wani ne ya rubuta masa abin da bai fahimta ba.

6. Miƙawa

Ka kai kafin ranar rufewa, da yawan kwafin da aka nema da na kwamfuta. Ka riƙe kwafi ɗaya a sa masa hannu da hatimi. Idan ba za ka iya zuwa ba, ka tura ta imel, ka kira ka tabbatar ta shiga, ka kuma aika kwafi ofishin mazaɓa na ɗan majalisarku. Takardar da aka karɓa tana shiga lissafi ko mai ita bai halarta ba.

7. Ku daidaita bakinku tun daga gida

A Janairun 2021, a zaman Majalisar Wakilai kan ƙudurin dokar man fetur, wakilan al'ummomin da ake haƙar mai a yankinsu sun ba hammata iska a cikin ɗakin taro kan wanda zai yi magana da yawunsu. Buƙatarsu ita ce a ware wa al'ummominsu kashi 10, kuma suna da hujja, amma labarin da ya cika gari washegari na damben ne. Dokar da aka sa wa hannu a Agustan 2021 kashi 3 na kuɗin gudanar da aikin kamfanonin mai ta ba su. Ku zaɓi mutum ɗaya mai magana da mutum ɗaya mai riƙe takardu. Idan akwai wata ƙungiya mai irin ra'ayinku, ku raba sassan tsakaninku maimakon ku maimaita juna. Idan matsalar mata ta fi shafa, kamar ta haihuwa ko ta ruwa, mace ta yi maganar. Kwamiti na bambance wanda abin ya taɓa da wanda aka aiko.

Mai maganar ya gwada a gida da agogo. Ya shirya ta minti biyar, ya kuma shirya ta minti biyu, don idan rana ta yi nisa shugaba yakan rage lokaci.

8. Ranar zama

Ku isa da wuri. Shiga harabar majalisa a Abuja na cin lokaci saboda bincike a ƙofa, don haka sanarwar da katin shaida su kasance a hannu, lambar akawu kuma a waya. Da shigarku ku sa hannu a rajista, ku nemi akawu ku gaisa, ku ga sunanku a jeri da idonku. Sai haƙuri. Za a yi jawabin buɗe taro, mai ƙudurin zai yi bayani, hukumomin gwamnati za su yi nasu, sannan a zo kanku. Kada ka fita shan iska a wannan lokaci. Ka buɗe littafinka ka rubuta duk alkawari da duk adadin da shugaban hukuma ya faɗa, da sunan ɗan kwamitin da ya yi tambaya mai ma'ana. Waɗannan za su yi maka amfani nan gaba.

Idan aka kira ka, ka danna makirufo ka ga jar fitila ta kama. Gaisuwa ɗaya ta wadatar: ranka ya daɗe shugaban kwamiti, masu girma 'yan kwamiti. Ka faɗi sunanka da wanda kake wakilta, ka ce kun miƙa takarda kuma kuna roƙon a karɓe ta a matsayin shaidarku. Daga nan ka faɗi matsaya, ka ɗauki hujja biyu mafi ƙarfi, ka rufe da buƙata. Kada ka karanta takardar daga farko zuwa ƙarshe, tana gabansu. Idan kana da hoto, ɗaga shi: ga ginin, ga ciyawa ta fito a ɗakin haihuwa, ga kwanan wata a ƙasa. Idan da Hausa za ka fi bayyana kanka, ka nemi izinin shugaba tun ta hannun akawu, ka zo da tafinta.

Tambaya za ta zo. Wadda ka sani ka amsa a taƙaice. Wadda ba ka sani ba ka ce za ka kawo amsa a rubuce, ka kuma kawo. Idan wakilin hukuma ya ƙaryata ka, kada ka juya ka fuskance shi, shugaba kake yi wa magana: ranka ya daɗe, ina roƙon a duba shaida ta uku. Ko an tsokane ka kada ka ɗaga murya, kada kuma ka kawo zancen jam'iyya.

Kada ka raina halartar. A Maris na 2020, a zaman Majalisar Dattawa kan ƙudurin taƙaita kafafen sada zumunta, akasarin waɗanda suka yi magana adawa suka yi, kuma ƙudurin bai zama doka ba.

Gargaɗi kan kuɗi: kada ka ba kowa ko sisi don a sa sunanka ko a karkata rahoto, kada kuma ka karɓa don ka yi shiru. Binciken tallafin mai na 2012 ya tono abubuwa masu yawa, amma zargin cin hanci da ya biyo baya, wanda ya kai ga kotu ta samu shugaban kwamitin, Farouk Lawan, da laifi a 2021, ya rage wa rahoton ƙarfi a idon jama'a. Idan wani ya nemi wani abu a wurinka, ka rubuta rana da wuri, ka kai wa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC.

9. Bayan an tashi

Cikin mako guda ka aika wasiƙar godiya tare da duk ƙarin bayanin da ka yi alkawari, da gyaran duk wata magana da hukuma ta faɗa wadda kana da shaidar ba haka take ba. Ka koma gida ka tara mutanenka ka faɗa musu abin da ya gudana, ka kuma kai wa gidan rediyon yankinku kwafin takardar.

Daga nan sai bibiya. Kwamiti zai rubuta rahoto ya gabatar a zaure, majalisa ta bi shi sashe-sashe, sannan karatu na uku. A tarayya dole ɗaya majalisar ma ta amince, don haka idan gyaranku bai shiga a Majalisar Wakilai ba, akwai sauran dama a ta Dattawa, ka kai takardar can. Bayan an daidaita, shugaban ƙasa na da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, idan ya ƙi kuma majalisun biyu na iya tabbatar da dokar da rinjayen kashi biyu bisa uku. Ka riƙa duba jadawalin zaman majalisa, ka riƙa tuntuɓar akawu lokaci-lokaci ba tare da takura masa ba. Ka tuna ƙudurin da bai kammala ba yana mutuwa da ƙarewar wa'adin majalisa. Ta goma da aka rantsar a Yunin 2023 za ta ƙare a 2027, abin da ya rage sai a faro shi daga farko.

A zaman bincike kuwa, abin da majalisa ta zartar shawara ce ga ɓangaren zartarwa, ba umarnin kotu ba. Saboda haka ka nemi kwafin rahoton da zarar an amince da shi. Da shi za ka iya rubuta wa EFCC ko ICPC, ko Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, ko ka ba lauya. Sannan idan lokacin kare kasafi ya zagayo, ka ɗauko littafinka, ka fitar da alkawarin da shugaban hukumar ya yi da ranar da ya yi shi, ka rubuta shi a matsayin tambaya a shafi ɗaya, ka kai wa ɗan kwamitin nan da ka lura yana tambaya da gaske, kwana biyu ko uku kafin hukumar ta bayyana.